Wuƙaƙe a Kube

Shekara talatin da ɗaya ina fiɗa a Abbatuwa.
Na san cikin sa kamar aljihun rigata:
ga hanta, ga huhu, ga tumbi,
ga matsarmama da nake cirewa da lalama
kada ta fashe ta ɓata wa mai saye miya.
Amma ɗan naman nan fari-fari da ke laɓe bayan tumbi,
wanda nake jefa wa yara a gyara,
ban taɓa tambayar sunansa ba.

Sai daren Laraba, bayan tuwo da kitsen rago,
wani abu ya soke ni a ƙahon zuciya
ya ɓullo ta gadon baya, kamar tsinken tsire.
Kwanciya ta gagara.
Na durƙusa na rungume gwiwa
kamar mai sujadar da ya manta ɗagowa.
Amai, amai, har babu abin amayarwa.
Jibrin ya tsayar da keke cikin ruwan Agusta,
kowane rami na hanyar Lamingo sai da na ƙirga shi da haƙori.

Dakta Nanret ta juya bayan katina ta yi zane.
Ta ce, Baba, sunansa fankiriyas.
Maƙera ce.
Kullum tana ƙera wuƙaƙe na ruwa,
wata ta yanka nama, wata ta narka kitse,
wata ta warware tuwo.
Amma a kube take sallamar su,
ba a zare su sai sun isa hanji.
To wata tsakuwa, ba ta kai ƙwayar masara ba,
ta gangaro daga matsarmamarka ta toshe ƙofa.
Suka cunkushe a zaure.
Ɗaya ta zame daga kube,
ta zare ta kusa da ita, ita ma ta zare ta gaba.
Ga su nan har cikin jininka mun gani.

Na ce, ba su san ni ne mai gida ba?
Ta ce, kai za ka faɗa mini, Baba.
Wuƙa ta taɓa tambayar naman wa ne?

Na yi shiru.
Ni da nake tsawata wa yarana:
kada wanda ya zare wuƙa a cikin cunkoso.
Ni da yatsana na hagu bai cika ba tun ina saurayi.

Aka rataya takarda a kan gadona, ba ci, ba sha.
Leda a sama tana ɗiga, ina bin ta da ido
kamar mai jan carbi.
Asabe ta zo da farfesun jela a kula,
Sista Kangyang ta tare ta a bakin ƙofa.
Ƙamshin dai ya shigo, shi ba a hana shi,
na ji maƙerar ta motsa, na roƙe ta:
yi haƙuri, kashe wutar, yau babu aiki.

Tsohon da ke gadon kusa, nasa ba tsakuwa ba ce,
kwalba ce ta shekara ashirin, shi ya faɗa da bakinsa.
Da asuba muna nishi tare, ba a gane na wa ne.

Rana ta biyar, cokali uku na koko.
Na saurari cikina kamar mai laɓe a bakin ɗaki.
Shiru.
Ban taɓa jin daɗin shiru irin wannan ba.

An cire matsarmamar, ita ma da lalama.
Sun ba ni tsakuwar a 'yar kwalba, tana kan taga.
Kitse kuwa yanzu sai dai in auna wa wasu.

Jiya na koma Abbatuwa, aka kayar da farin sa.
Na sa hannu bayan tumbi na ɗauko ɗan naman,
da ɗuminsa, laushi kamar kuncin jariri.
Na daɗe ina riƙe da shi a tafin hannu
har Jibrin ya ce, Baba, mutane na jira.